Tarihin Kamfanonin da Suka Ƙera Kayan Jirgin Ƙasa na Zariya da Yadda Ake Gane Aikinsu

Gabatarwa

Tashar jirgin ƙasa ita ce uwar Sabon Garin Zariya. A gefenta aka yanka filayen kantunan Turawa, aka gina gidajen ma'aikatan reluwe, kasuwa ta kafu, baƙi daga kudu da arewa suka sami wurin zama. Layin dogon da ya tashi daga wannan tasha ya nufi Funtuwa da Gusau shi ne ya ratsa ta Samaru, kuma mazauna unguwar Hayin Dogo sun san shi tun suna yara. Sai dai kaɗan ne daga cikin jama'a suka san cewa yawancin ƙarafan wannan layi suna ɗauke da rubutu a jikinsu, wato sunan kamfanin da ya ƙera su da shekarar da aka ƙera su.

Akasarin waɗannan kamfanoni sun daɗe da rufewa. Saboda haka ƙarfen da ke kwance a ƙasarmu ya zama shi ne shaidar da ta rage a hannunmu, kuma duk wanda aka sare aka kai wa 'yan gwangwan ya tafi da tarihinsa ke nan. Wannan bayani zai kawo tarihin kamfanonin, da irin kayan da kowannensu ya yi suna a kai, da hanyar karanta alamominsu, domin amfanin jama'ar karkara, da dagatai da masu unguwanni, da jami'an ƙananan hukumomi.

Layukan da Suka Haɗu a Zariya

Kafin a san kayan, ya kamata a san layukan da aka kawo kayan dominsu, domin kowane layi da zamaninsa da awonsa.

Na farko shi ne layin Baro zuwa Kano, mai tsawon mil 356. An amince da gina shi a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne da ya yi aikin dogo a Sudan. John Eaglesome, shugaban ma'aikatar ayyuka ta Arewa, shi ya jagoranci aikin. An zaɓi Baro ne saboda tana bakin Kogin Kwara, inda jiragen ruwa ke iya hawowa da ƙarafa da injuna idan ruwa ya cika. Dogon ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe hukumarsa da ta layin Ikko suka zama ɗaya. Faɗin wannan layi, wato tazarar da ke tsakanin dogo da dogo, ƙafa uku ne da inci shida, ko milimita 1,067. Turawa ne suka zana, amma talakawa ne suka haƙa ƙasa suka ɗauki kaya a ka, da yawansu ta hanyar aikin tilas da aka ɗora wa sarakuna su tara mutane. Wannan shi ake kira aikin diga, kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya tsara Waƙar Diga a kan zuwan dogon.

Na biyu shi ne ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre ya hau Jos da Bukuru, domin kwaso kuza. An fara shi a 1911, ya isa Bukuru a 1914, tsawonsa mil 143. Faɗinsa ƙafa biyu ne da inci shida, ko milimita 762, saboda haka taragunsa ba sa iya hawa babban layi, sai an sauke kaya a Zariya an sake loda su. Bayan da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, amfaninsa ya ragu, aka kuma rufe shi a 1957.

Na uku shi ne layin Zariya zuwa Funtuwa da Gusau da Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929 domin jigilar auduga da gyaɗa. Shi ne ya bi ta Samaru, inda tuni aka kafa tashar binciken aikin gona tun cikin shekarun 1920.

A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, ta gaji dukan waɗannan layuka da kayansu daga sashen gwamnati da ke kula da su a da.

Yadda Ake Sayo Kayan a Zamanin Turawa

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta zuwa kasuwa da kanta. Akwai wani ofishi a Landan mai suna Crown Agents, wanda shi ne wakilin sayayya na ƙasashen da Ingila ke mulka. Idan reluwe na bukatar dogo ko kan jirgi, sai ta aika wa wannan ofishi, injiniyoyinsa su fitar da awo da sharuɗɗa, a nemi kamfanoni su faɗi farashi, sa'an nan masu duba aiki su je masana'anta su gwada kayan kafin a loda su a jirgin ruwa.

Wannan tsari ya haifar da abubuwa biyu. Na ɗaya, kusan dukan kayan da aka shigo da su kafin samun 'yancin kai a 1960 na kamfanonin Birtaniya ne, shi ya sa sunayen garuruwa irin su Leeds da Glasgow da Manchester da Middlesbrough suka yawaita a jikinsu. Na biyu, ba a kafa masana'antar narka ƙarfen dogo ko ta ƙera kan jirgi a Nijeriya ba. Abin da aka kafa shi ne ma'aikatun gyara, manyansu a Ebute Metta ta Ikko da Inugu, da kuma loko a manyan tashoshi irin su Zariya. A waɗannan wurare ne ma'aikata 'yan ƙasa suka ƙware wajen harhaɗa injuna, da gyaran tukunya, da feƙe ƙafafun jirgi, da zuba ƙananan kayan gyara. Auduga da gyaɗa da kuza suna fita, ƙarfe ƙerarre yana shigowa.

Masu Narka Ƙarfen Dogo

Ƙarfen dogo shi ne abin da jama'a suka fi cin karo da shi. Ana awonsa da nauyin yadi ɗaya. Tsofaffin layukan Nijeriya an fara su da dogo mai laba 45 a kowane yadi, wato kimanin kilo 22 a mita ɗaya. Daga baya aka riƙa sauya shi da mai laba 60, sa'an nan mai laba 80 a manyan hanyoyi, domin ya ɗauki injuna masu nauyi.

Kamfanonin Birtaniya da suka shahara da wannan sana'a, waɗanda mai bincike zai sa ido ya ga sunayensu, sun haɗa da Barrow Haematite Steel na garin Barrow, da masana'antun garin Workington, inda ake ganin sunan Moss Bay ko Cammell ko Workington kansa, da kuma na yankin Middlesbrough, wato Bolckow Vaughan da Cargo Fleet da Dorman Long. Sanin tarihin kamfani yana taimakawa wajen sanin shekarun ƙarfe ko da lambar shekara ta goge. Misali, Dorman Long ya haɗiye Bolckow Vaughan a 1929, saboda haka dogon da ke ɗauke da sunan Bolckow Vaughan na zamanin farko ne. A 1967 gwamnatin Birtaniya ta haɗe manyan kamfanonin ƙarfe a ƙarƙashin British Steel. Masana'antar dogo ta Workington kuwa ta daina aiki a 2006.

Ƙarƙashin dogo akwai abin da ake shimfiɗawa a gicciye domin ya riƙe shi. A ƙasashen Turai katako aka fi amfani da shi, amma a nan gara ba ta barin katako, shi ya sa aka yawaita amfani da na ƙarfe, mai kama da kwami da aka kife. Shi ma yakan ɗauki sunan kamfani da shekara. Haka nan faifan ƙarfen da ke haɗa bakin dogo da dogo, da manyan kusoshi da notocinsa.

Masu Ƙera Kan Jirgi Mai Aiki da Kwal

Kamfanin Hunslet na garin Leeds, wanda aka kafa a 1864, ya ƙware a kan ƙananan injuna. Shi ya ƙera injin farko da ya yi aiki a Arewa, a ɗan gajeren layin Wushishi zuwa Zungeru na 1901, wanda faɗinsa daidai yake da na layin Zariya zuwa Jos. An adana wannan inji a Minna. Na ƙaramin layin Jos kuwa, akwai waɗanda aka adana a gidan tarihi na Jos, kuma nan ne wurin da ya fi dacewa ga mai son ya ga irin jirgin da ya yi shekara arba'in da wani abu yana tashi daga Zariya.

Kamfanin North British na Glasgow an kafa shi a 1903, bayan haɗewar kamfanoni uku, wato Sharp Stewart da Neilson Reid da Dübs. A lokacinsa babu wanda ya kai shi girma a Turai wajen ƙera kan jirgi. Ya kasa jure sauyin da aka yi daga kwal zuwa dizal, ya rushe a 1962.

Kamfanin Vulcan Foundry yana garin Newton-le-Willows, tsakanin Liverpool da Manchester, kuma ya fara aiki tun cikin shekarun 1830. Shi da North British ne suka ƙera injunan da aka laƙaba wa sunayen koguna, waɗanda suka fara isowa a 1948. Tsarin ƙafafunsu shi ake rubutawa 2-8-2, ma'ana ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas masu ja a tsakiya, ƙanana biyu a baya. Waɗannan injuna su ne suka ja kaya mai yawa a zamanin dalar gyaɗa. An rufe masana'antar Vulcan a 2002.

Kamfanin Beyer Peacock na unguwar Gorton a Manchester, wanda aka kafa a 1854, shi ne mai injin da ake kira Garratt. Wannan inji tukunyarsa ɗaya ce a tsakiya, amma tana rataye a kan injuna biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Hikimar ita ce a raba nauyi a kan ƙafafu masu yawa, ta yadda inji mai ƙarfi zai iya bin dogo marar kauri irin mai laba 45. Nijeriya ta karɓi guda biyu a 1930, sa'an nan guda 22 tsakanin 1935 da 1943. Kamfanin ya rufe a 1966.

Kan jirgi ba aikin kamfani ɗaya ba ne. Kamfanin da sunansa ke jikin inji shi ya ƙera gangar jiki da tukunya, amma na'urar birki, da famfon tura ruwa cikin tukunya, da agogon awon tururi, da fitila, duk daga wasu ƙananan kamfanoni ake sayo su. Misali, jiragen Nijeriya sun daɗe suna amfani da birki mai aiki da zuƙe iska, kuma kamfanin Gresham and Craven na yankin Manchester ya yi suna a kan kayan irin wannan birki. Ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago kuwa, irin wadda ake kira ABC ce, ta wani kamfani na garin Wolverhampton.

Zamanin Dizal da Matsalar Kayan Gyara

Injin kwal yana shan ruwa mai yawa, kwal ɗin kuma daga Inugu ake jawo shi. A Arewa, inda rani ke da tsawo, wannan ba ƙaramar wahala ba ce. Saboda haka lokacin da aka kawo manyan injunan dizal na farko a 1955, guda goma ƙirar English Electric, a yankin Zariya zuwa Kano aka sa su aiki. Wannan ya ba Zariya matsayi na musamman a tarihin dizal a ƙasar nan.

Daga nan ƙofa ta buɗe wa sauran ƙasashe. A 1958 aka kawo injunan General Motors na Amurka. Cikin shekarun 1960 aka sami na MaK daga Jamus da kuma wasu daga Birtaniya. A farkon shekarun 1970 aka kawo na Hitachi daga Japan, da guda 54 na Montreal Locomotive Works daga Kanada, sa'an nan na General Electric. A ƙarshen shekarun 1990 aka kawo guda 50 daga masana'antar Dalian ta ƙasar Sin, a 2010 kuma aka kawo wasu 25 na General Electric.

Yawan iri ya zo da nasa ciwon. Kowane inji da irin kayan gyaransa, na wannan ba ya shiga na wancan. Ga shi kuma kamfanonin suna rufewa ko suna sauya hannu: English Electric ya shige cikin GEC a 1968, masana'antar Montreal kuma ta daina ƙera kan jirgi a tsakiyar shekarun 1980. Idan kayan gyara suka yanke, sai ma'aikata su kwance inji ɗaya domin su tayar da wani. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake ganin injuna a jibge a harabar loko, babu ƙafa babu ciki. Darasin da ke nan ga duk jami'in da ke sayo injin aiki wa hukuma, ko tarakta ce ko injin ban ruwa, shi ne ya tambayi inda kayan gyara za su fito bayan shekara ashirin kafin ya sa hannu.

Taragu da Kayan Tasha

Taragun fasinja da na kaya suna da nasu kamfanonin. Cikin waɗanda suka yi wa ƙasashen da Ingila ta mulka aiki akwai Metropolitan-Cammell na Birmingham, wanda ya sami wannan suna a 1929, da Cravens na Sheffield, da Gloucester Railway Carriage and Wagon, da Birmingham Railway Carriage and Wagon. Ana samun allon kamfani a kan dogon ƙarfen da ke gefen ƙasan tarago, sunan wanda ya yi akwatin man gatari kuma yana kan murfin akwatin.

A layi guda ɗaya da jirage ke bi gaba da baya, babban abin tsoro shi ne karo. Maganin da aka yi wa wannan shi ne direba ba zai bar tasha ba sai an miƙa masa wata sanda ko faifan ƙarfe da aka zaro daga na'ura, kuma na'urar tana haɗe da ta tasha ta gaba ta waya, ba za ta saki wata sandar ba sai an mayar da ta farko. Edward Tyer ne ya fito da irin wannan na'ura mai faifai a 1878, kamfanin Railway Signal na Liverpool kuma ya yi suna da mai sanda. Hannuwan sigina da sandunan juya layi kuwa, sunayen da suka shahara a kansu su ne Saxby and Farmer da Westinghouse.

Sauran kayan tasha su ma kowanne da gwaninsa. Injin ɗaga kaya da teburin juya kan jirgi sana'ar Cowans Sheldon na Carlisle ce da Ransomes and Rapier na Ipswich, wanda ya rufe a 1987. Sikelin awon kaya na Pooley ne ko na Avery, kuma Avery ya saye Pooley a 1913. Tankin ruwa mai falle-fallen ƙarfe masu kusurwa huɗu da aka ɗaure da noti, wanda ake gani a tashoshi da asibitoci da makarantu, kamfanin Braithwaite ne ya yi fice a kansa. Manyan gadoji ma haka: kamfanin Sir William Arrol na Glasgow ne ya gina gadar Makurɗi a kan Kogin Binuwai, wadda aka buɗe a 1932.

Yadda Ake Karanta Alamomi

Rubutun dogo yana a gefensa, a sirantaccen wurin da ke tsakanin kai da gindi. Haruffan a kumbure suke, domin tun ƙarfen yana da zafi aka matsa su, kuma ana maimaita su bayan 'yan taku kaɗan. Abin da aka saba gani shi ne sunan kamfani ko na garinsa, da shekara, wani lokaci da wata, da lambar nauyi kamar 45 ko 60 ko 80. Haruffan BS suna nufin an bi ma'aunin Birtaniya. Idan an ga NR, to kayan reluwe ne na kafin kafa hukuma. Idan kuwa NRC ne, to daga 1955 ne zuwa sama.

Kan jirgi da tarago suna da allon kamfani na tagulla ko na baƙin ƙarfe, mai ɗauke da suna da gari da shekara da lambar ƙira. Wannan lamba ita ce mabuɗi, domin da ita ake duba littafin kamfani a san ranar da aka yi oda da wanda ya saya. Siffar allon ma tana magana: North British yana amfani da allo mai kusurwa huɗu a karkace ga injunan masana'antarsa ta Queen's Park, da kewayayye ga na Hyde Park.

Mai son ɗaukar alama sai ya goge tsatsa da buroshin waya a hankali, ya shafa alli a kan haruffan, ya ɗauki hoto da safe ko da yamma lokacin da hasken rana ke zuwa a karkace. Ana kuma iya ɗora takarda a goga fensir ko gawayi a kai. Kada a yi amfani da guduma ko injin gurza, domin suna cinye rubutun. A rubuta wurin da aka ga ƙarfen, da ranar, da tsawonsa, da dukan abin da ke rubuce, har da wanda ba a fahimta ba.

Akwai kurakurai uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, shekarar da ke jikin dogo ta ƙira ce, ba ta shimfiɗawa ba. An saba cire tsohon dogo daga babban layi a mayar da shi ƙaramin reshe ko layin ajiye taragu. Na biyu, ana sauya wa inji tukunya da ƙafafu a wurin gyara, saboda haka lamba ɗaya ba ta isa shaida a kan inji duka ba. Na uku, ba kowane siririn dogo ba ne na layin Jos, domin ma'adinai da masana'antu ma sun yi amfani da irinsa. Inda aka sami ƙarfen gicciye, a auna tazarar mazaunin dogo biyu, ita za ta raba gardama.

Inda Za a Zurfafa Bincike

Mai bincike a Zariya ba sai ya yi nisa ba kafin ya fara. Akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da Sashen Tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da aka kafa a Zariya a 1986. A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, inda ake samun takardun lardin Zazzau na zamanin Turawa. Francis Jaekel, tsohon babban jami'in reluwe, ya wallafa tarihin jirgin ƙasan Nijeriya cikin juzu'i uku a 1997, kuma gidan da ke ɗauke da sunansa a Ebute Metta ya zama gidan tarihin reluwe. A Ingila, takardun Beyer Peacock suna gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchester, na Crown Agents kuma suna gidan adana takardu na ƙasa da ke Kew.

Sai dai akwai ilmin da babu shi a takarda. Tsofaffin direbobi da masu zuba kwal da kafintoci da leburorin dogo da ke zaune a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru sun san wane inji ne ya fi jan kaya, wanne ne ke yawan lalacewa, da dabarun da suka yi lokacin da kayan gyara suka yanke. Kullum raguwa suke yi. Ya dace ɗalibai da malamai su je su gaishe su, su ɗauki bayaninsu da izininsu.

Haƙƙin Jama'a da Hukumomi

Tun bayan da zirga-zirgar jirage ta ja baya, satar ƙarfen dogo ta zama ruwan dare a sassa da dama na ƙasar nan. Ya kamata jama'a su sani cewa layin da jirgi ya daina bi bai zama marar mai shi ba. Dogo da ƙarfen gicciye da taragu da filin da ke gefen layi duk dukiyar Hukumar Jiragen Ƙasa ce, kuma kwance su ko saye ko ɓoye su laifi ne da ke kai mutum gaban shari'a. A layin da ke aiki kuwa, noti ɗaya da aka cire yana iya jawo asarar rayuka.

Ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da su sa ido a kan layin da ya ratsa ƙasarsu, su kai rahoton duk wanda aka gani yana yankan ƙarfe ga shugaban tasha mafi kusa, ko 'yan sanda, ko jami'an tsaron farin kaya. Shugabannin 'yan gwangwan da na maƙera su gargaɗi mutanensu kada su karɓi ƙarfen dogo daga hannun wanda ba shi da takardar gwanjo daga hukuma. Jami'an ƙananan hukumomi kuwa, musamman na Sabon Gari da Giwa da Soba da Kubau da Lere, za su iya buɗe rajistar tsofaffin kayan reluwe da ke yankunansu, har da guntayen dogon da suka daɗe a makarantu a matsayin ƙararrawa ko a bakin hanya a matsayin turaku. Abin da aka ga yana da muhimmanci sai a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Duk mai son ɗaukar hoto ko alama a cikin tasha ko loko ya nemi izini tukuna, kuma kada a tura yara kan layi.

Kammalawa

A 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna mai faɗin milimita 1,435, a 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin na Kaduna zuwa Kano, wanda aka tsara ya bi ta Zariya, a hannun kamfanin CCECC na ƙasar Sin. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa. Sabon layi ba ya amfani da kayan tsoho, saboda haka yanzu ne lokacin da tsofaffin kayan suka fi fuskantar haɗarin salwanta. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kamfanonin da suka ƙera waɗannan ƙarafa sun shuɗe, kakanninmu da suka shimfiɗa su da guminsu su ma sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne mu karanta abin da ke rubuce a jikinsu, mu rubuta shi a littafi, mu kuma tsare su domin na baya.